Jawabi a Kan Koyon Kimiyyar Gwaji ta Hanyar Karatu Daga Nesa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama da aka ba ni.

Da yawa daga cikinmu aiki da hidimar iyali sun hana mu zaman aji, shi ya sa karatu daga nesa ya zame mana mafita. Babu mai musun cewa ana karanta lissafi ko tarihi ta wannan hanya. Tambayar da ake yawan yi mini ta shafi fiziks da kemistiri da nazarin halittu, fannonin da ba a ƙwarewa a cikinsu sai hannu ya taɓa kayan aiki. Amsata ita ce ana iyawa, bisa sharaɗin ɗalibi ya auna abu na zahiri da kansa.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971, malamai da dama sun yi shakkar za a iya koyar da kimiyya ba tare da ɗakin gwaje-gwaje ba. Sai jami'ar ta riƙa aika wa kowane ɗalibi akwati ta gidan waya, ɗauke da kwalaben gwaji da sinadarai da ƙaramin madubin duba ƙananan halittu, yana kallon darasi a talbijin na BBC, yana gwaji a teburin gidansa, sannan da rani ya je wata jami'a ya yi mako guda cur a ɗakin gwaji na sosai.

Yau kwamfuta ta sauƙaƙa abubuwa, kuma a nan ne nake so mu yi hattara. Akwai manhajojin kwaikwayon gwaji, irin su PhET da Carl Wieman, wanda ya ci lambar Nobel a fiziks a 2001, ya fara a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Kyauta ne, kuma suna da matuƙar amfani wajen fahimtar ƙa'ida. Sai dai manhaja tana mayar maka da amsar da aka riga aka rubuta a cikinta ne. Ku ɗauki misalin lilo: a ɗaura ƙaramin ƙarfe a zare mai tsawon mita 1, a sake shi, zai yi kusan daƙiƙa 2 kafin ya je ya dawo, kuma daga nan ake lissafa ƙarfin jan ƙasa, wanda ya kai kimanin 9.8. A allon kwamfuta kullum lambar tana fitowa daidai. Wanda ya rataye zaren da hannunsa kuwa, yau ya samu 9.5, gobe 10.1, dole ya zauna ya binciki dalili: ko ya makara wajen danna agogo, ko bai auna zaren har tsakiyar ƙarfen ba, ko ya ja lilon da nisa fiye da kima. Daga nan zai gane cewa gara ya auna lokacin zuwa da dawowa 20 ya raba shi gida 20, domin kuskuren yatsa ya ragu. Wannan neman tushen kuskure shi ne zuciyar kimiyyar gwaji a ganina, kuma dama an ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sarrafa na'ura ta gaske ta intanet. Ɗaliban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya suna juya na'urorin hangen taurari da ke tsibirin Tenerif na Sifaniya daga ɗakunansu, kuma idan hadari ya rufe sama a daren, to aikin ya tsaya, kamar yadda yake faruwa ga kowane masanin taurari. Bayanan da suke samu na gaske ne, da duk gurɓatarsu.

Duk da haka akwai abin da nesa ba ta bayarwa. Ɗiga sinadari ɗigo-ɗigo har launi ya sauya, ko renon ƙwayoyin cuta ba tare da an gurɓata su ba, ko kiyaye kai daga asid mai ƙuna, sai a gaban malami yana gyara wa mutum riƙo. Rufe ɗakunan gwaji lokacin annobar korona a 2020 ya nuna wa jami'o'i wannan giɓi ƙarara.

Saboda haka ina roƙon duk wanda zai yi rajista, ko zai biya wa ɗansa, ya tambayi makarantar awa nawa ne na gwajin hannu, a ina ake yin sa, kuma ko hukumar da ke kula da sana'ar ta amince da takardar shaidar kammala karatun, musamman ga mai son aikin ɗakin gwajin asibiti. Ina kuma ba shugabanni shawara a tattara sunayen 'yan'uwanmu da ke aiki a ɗakunan gwaje-gwaje, domin ɗalibanmu su san wanda za su tuntuɓa kafin zangon karatu mai zuwa.

Na gode. Wassalamu alaikum.