Mai son wuri, me ke hana shi naɗe hannu?

Masu kallo, ku rufe ido kaɗan, ku tuno wurin da kuka fi shaƙuwa da shi. Wataƙila gindin wata bishiya ne, wataƙila bakin wani rafi da har yanzu kuke jin sanyin ruwansa a tafin ƙafa. To a ce an wayi gari an sare bishiyar, rafin kuma ya ƙafe. Wannan nauyin da ya sauko muku a ƙirji, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddiginsa.

A 1963, Marc Fried ya fitar da bincikensa kan mazauna unguwar West End a birnin Boston na Amurka, waɗanda aka rushe musu gidaje aka tashe su. Da yawansu sun shiga jimami tamkar waɗanda aka yi wa rasuwa. Wajen shekaru 40 bayan haka, Glenn Albrecht ya tarar da irin wannan ciwo a kwarin Hunter na Ostareliya, inda haƙar kwal ta ɓata fuskar ƙasa. Mutanen wurin, su ba wanda ya tashe su. Suna zaune cikin gidajensu, amma kewar gida na cin su. Ya raɗa wa wannan hali suna solastaljiya.

Damuwa kan lalacewar muhalli ta yi yawa a zamanin nan. A 2021 an tambayi matasa 10,000 a ƙasashe 10, sai kashi 59 cikin ɗari suka ce sauyin yanayi na damunsu matuƙa. To me ya sa wani damuwa ke kashe masa jiki, wani kuma ta tashe shi tsaye?

A nan fata ya shigo. Charles Snyder na Jami'ar Kansas ya bayyana a 1991 cewa fata na gaske ƙafa uku gare shi: ka san inda ka dosa, ka hango hanya, ka kuma yarda kana da ƙarfin bin ta. Wannan bayani yana burge ni ƙwarai, domin ya raba fata da zaman jiran tsammani. Maria Ojala ta gwada abin a kan matasan Suwidin a 2012. Waɗanda fatansu ya ginu kan "ai matsalar ba ta kai yadda ake faɗa ba" ba su cika taɓuka komai ba. Waɗanda suka yarda akwai matsala, kuma suka amince cewa ƙoƙarinsu da na wasu zai yi tasiri, su ne suka fi kula da muhalli a rayuwarsu ta yau da kullum.

Son wuri ma iri-iri ne. A 2010, Leila Scannell da Robert Gifford sun yi nazari a garuruwa biyu na Kanada, suka gano cewa shaƙuwa da itatuwa da ruwa da duwatsun wuri ta fi tura mutum ga kare muhalli, fiye da alfahari da sunan gari kawai.

Sai dai fa son wuri ba kullum yake bin inda muke zato ba. Patrick Devine-Wright ya nuna cewa a gaɓar tekun arewacin Wales ta Birtaniya, mutanen da suka fi ƙaunar garinsu na cikin waɗanda suka fi adawa da kafa injinan samar da lantarki daga iska a cikin teku, domin a ganinsu za a ɓata musu wurin da suke zuwa su samu natsuwa.