Ruwan da ke cikin ƙazanta shi ke cinye wutar

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai da sauran 'yan'uwa, na gode da halartarku.

Kwalabe biyu na zo da su. Ta farko, wannan da nake ɗagawa, tabon najasa ne, wato abin da ke kwantawa a gindin tankunan da ake tace ruwan bahaya na birane, bayan inji ya matse shi. Na kusa su duba. Kamar danƙararriyar laka yake, in ka dunƙula shi ko ɗigo ba ya yi. Amma wajen kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Ta biyun baƙin gari ne mai kama da dakakken gawayi, ba wari, kuma daga irin wancan tabon aka samo shi. Yadda ake tashi daga kwalba ta farko zuwa ta biyu ba tare da an yi asara ba, shi ya tara mu.

Ana yawan cewa akwai makamashi a cikin najasa da kashin dabbobi, kuma gaskiya ne. Busasshen tabo yana ba da zafi kusan kamar kwal mai ƙarancin daraja. Sai dai mu yi lissafi tare. Ɗauki tan ɗaya na wannan tabo: kilo 800 ruwa, kilo 200 ne kawai abin ƙonawa. Kowane kilo na ruwa, kafin ka ɗumama shi ya tafasa ya tashi tururi, zai ci wajen megajul 2.6 (megajul ma'aunin makamashi ne). Kilo 800 sun haura megajul 2,000 ke nan. Su kuwa kilo 200 ɗin, in muka ce kowane kilo zai ba da megajul 12, an sami 2,400. Kun ga abin da ya saura? Kusan duk wutar ta ƙare wajen korar ruwa. An yi ba a yi ba. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da shirin samar da lantarki daga ƙazanta, tambayar farko da nake masa ita ce: ruwan da ke ciki nawa ne, kuma da wane zafi za ka kore shi?

Kashin kaji bai da wannan matsala sosai, musamman wanda ya gauraya da ɓuntu ko garin katako na shimfiɗa. Shi ana zuba shi a wuta kai tsaye. A Ingila an buɗe tashar lantarki mai ƙona shi a garin Eye tun 1992, kuma a Moerdijk ta ƙasar Holan akwai wadda aka buɗe a 2008, tana cinye fiye da tan 400,000 a shekara. Amma kashin shanun da aka wanko da ruwa daga manyan gidajen kiwo, wanda ruwansa kan kai kashi 90, ƙona shi ɓata wuta ne.

Ga busasshen abu akwai wasu hanyoyi biyu bayan ƙonawa. Ɗaya dabarar masu yin gawayi ce: a gasa shi a rufe, ba iska, a zafin digiri 400 zuwa 600, sai ya rabu uku, gawayi da baƙin mai da gas. Ɗayar kuma a ƙara zafin ya wuce 700, a sako iska 'yar kaɗan, akasarinsa ya koma gas. Duka biyun sai an busar tukuna, don haka lissafin ɗazu yana nan yana jiransu.

To, jiƙaƙƙen fa? Nan ne abin ya fi burge ni. Tun da tashin tururi ne ke cin wuta, sai a hana ruwan tashi. A zuba tabon cikin tukunyar ƙarfe, a kulle ta gam, a dafa a zafin digiri 180 zuwa 250 na 'yan sa'o'i. Matsin da ke ciki ba zai bar ruwan ya zama tururi ba, don haka ba a biya wancan babban kuɗin ba. Wani Bajamushe masanin kimiyyar haɗa sinadarai, Friedrich Bergius, shi ya bayyana wannan a 1913 yana binciken yadda kwal ke samuwa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ke fitowa ya daina riƙe ruwa kamar da, inji kaɗai ya isa ya matse mafi yawansa. Garin da ke kwalba ta biyu ke nan. Amma kada in ɓoye muku, ruwan da aka matso baƙi ne ƙirin, cike da datti, sai an sake tace shi, kuma wannan ma aiki ne mai cin kuɗi.

Akwai ƙanwar wannan dabara da ta fi yaɗuwa. Ana dafa tabon da tururi a wajen digiri 165 na kimanin rabin sa'a, sannan a saki matsin farat ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke ciki sai su farfashe, masu sa cuta su mutu, tabon ya tsinke. Daga nan a tura shi rufaffen tanki inda ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da shi su fitar da gas mai kama wuta. Da yake an riga an tauna musu, sun fi saurin ci, gas ɗin ya fi yawa. Kamfanin Cambi na Norwe ya fara wannan a garin Hamar a tsakiyar shekarun 1990. Tashar Blue Plains ta birnin Washintan a Amurka ta ƙaddamar da nata a 2015, tana samun lantarki kimanin megawat 10 daga najasar birnin.

Wani manomi a cikinku zai ce, malam, wannan ai taki ne, don me za a ƙona? Yana da hujja, kuma ina tare da shi. Inda gona ke kusa kuma kashin dabba mai tsabta ne, a kai shi gona. Wuta tana korar naitirojin, sinadarin taki da shuka ke buƙata, gaba ɗaya, ya bi iska. Ƙonawa na da amfani ne inda dabbobi suka fi ƙarfin gonakin da ke kewaye, har takin ya koma gurɓata rijiyoyi da koguna, ko inda tabon ya kwaso gubar masana'antu irin su dalma da zaiba. Siwizalan ta hana zuba tabon najasa a gona tun 2006 saboda irin wannan fargaba.

Abin da wuta ba ta kora shi ne fosfaras, yana nan cikin toka. Shi kuwa haƙo shi ake yi daga duwatsu a ƙasashe ƙalilan, Maroko ce kan gaba wajen arzikinsa, kuma babu shukar da za ta rayu ba shi. Idan aka haɗa tabon da kwal ko sharar gari aka ƙona, ko aka jefa shi murhun siminti, fosfaras ɗin ya salwanta cikin tarkace. Idan aka ƙona shi shi kaɗai, tokar na da ƙarfin da za a iya tsamo shi a raba shi da guba. Jamus ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 dole manyan tashoshinta su riƙa ƙwato fosfaras daga tabonsu, kuma tun yanzu ana gina wuraren ƙona tabo zalla saboda wannan wa'adi.

Na ga hannu a can baya. Bismillah, ɗan'uwa, a miƙa masa makirfo.