Amsoshin Tambayoyinku: Sabuwar Mota da Kilomita Dubun Farko

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko ta fito daga wani bawan Allah da ya sayi mota sabuwa dal. Yana cewa abokai sun ba shi shawarar ya hau babban titi ya taka mata totur har ƙasa don inji ya buɗe. Wai haka ne?

To Malam, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Amma wannan shawara ka bar musu kayarsu. A sabon inji, ringin da ke jikin fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka cikin ramin da ake kira silinda, bai gama zama daidai da bangon silindar ba. Sai sun yi ta gogar juna a hankali kafin su haɗe, su riƙe ƙarfin inji, su hana baƙin mai haurowa ya ƙone. In ka matsa musu tun da wuri, wataƙila ba za ka ga komai yanzu ba, sai nan gaba ka ji mota tana shan baƙin mai.

Littafin da Toyota ke haɗawa da motocinta da dama ya fayyace abin: kilomita 300 na farko a guji taka birki kwatsam, kafin 800 kada a ja tirela, kafin 1,000 kuma ban da gudun wuce sa'a da fizgar mota. Akwai wanda mutane suka fi mantawa, wato kada a daɗe ana tafiya a gudu ɗaya. Lallaɓawa ba rarrafe ba ce, Malam. Ka ɗan ƙara wuta, ka sassauta, giya ta riƙa canzawa, allurar da ke nuna saurin juyawar inji tana hawa tana sauka. Tayoyi da birki ma sababbi ne, ba su gama kamawa ba, don haka ka bar tazara tsakaninka da na gabanka.

Sai wata Hajiya da ke tambaya ko dole ne ta bar mota tana aiki minti goma kowace safiya. A'a Hajiya, wannan na tsofaffin motoci masu kafireta ne, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska. Minti ɗaya ya isa baƙin mai ya zagaya, ki ja a hankali, inji zai ɗumama a hanya.

Ta kuma tambayi juyen mai na farko. Littafin motarki shi ne alƙali, yana nan cikin akwatin gaban kujerar fasinja, sau da yawa ko ledarsa ba a cire ba. Mu je ga wasiƙa ta gaba.