Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan mishan da matan mashaya a Tailan

Jama'a barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko yau ta wani ɗan kasuwa ce daga Kantin Kwari a Kano, yace yana zuwa Bankok, babban birnin Tailan, saro kaya, kuma ya sha ganin wasu mata Turawa suna shiga mashaya da daddare suna ta hira da 'yan matan da ke aiki a ciki, aka ce masa 'yan mishan ne. Tambayarsa, wai me suke nema a irin wannan wuri?

To Alhaji, ba a yi maka ƙarya ba. Unguwanni irinsu Patpong da Nana da Soi Cowboy a Bankok, da garin Pattaya, sun bunƙasa da harkar mashaya da karuwanci ne tun lokacin yaƙin Biyetnam da sojojin Amurka ke zuwa hutu. Da yawan matan daga Isan suka fito, arewa maso gabashin ƙasar, yankin manoman shinkafa ne da talauci yayi wa katutu, kuma a al'adarsu ɗiya mace ita ake sa ran zata ɗauki nauyin iyaye, to ga bashin gona ga kuɗin makarantar ƙanne, wata ma ga ɗanta da ta bari wajen kaka bayan miji ya gudu.

'Yan mishan ɗin basa fara da wa'azi fa. Zama suke su sai wa yarinya lemo, domin mai mashaya baya barinta hira a banza, kuma tana da ɗan kaso a duk kofin da aka saya mata. Wani lokaci har kuɗin da namiji ke biyan mashaya kafin ya fita da ita suke biya, sai su kaita cin abinci ko ta samu tayi barci kawai. Ƙungiyar Rahab da Patricia Green 'yar New Zealand ta kafa a 1989, shagon gyaran gashi ta buɗe a Patpong, tunda dole matan su gyara kai kafin aikin dare, a nan ake sabawa ana koya musu Turanci. Ƙungiyar NightLight kuma da aka fara a 2005 aikin haɗa sarƙa da 'yan kunne take basu da albashi.

Sai wata 'yar'uwa daga Jos, tace to matan suna barin mashayar su karɓi Kiristanci?

Baiwar Allah, wasu suna bari, amma ki sani sama da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Tailan mabiya Buddha ne, Kiristoci wajen kashi 1 ne kacal, sauya addini ba ƙaramin abu bane a gida. Kuma gaskiya babbar matsalar kuɗi ce, abin da ake samu a ɗinki ko gyaran gashi sau da yawa bai kai na mashaya ba, can ƙauye kuwa ana jiran aike ƙarshen wata, shi yasa wata sai ta fita ta sake komawa. Akwai ma ƙungiyar matan su kansu, Empower, tun 1985, su cewa suke ba ceto suke nema ba, a basu haƙƙin ma'aikata a daina kamasu, don har yanzu karuwanci laifi ne a dokar ƙasar ta 1996.

Ni dai a ganina wadda ta zauna ta saurari matar da kowa ke kallo kamar kayan sayarwa tayi abin kirki wallahi, amma in taimakon sai an shiga coci za a samu, to wannan ciniki ne aka yi da talaucinta. Wadda ta koma mashaya ma ya kamata a ci gaba da zuwa gaisheta.

Sai wasiƙa ta gaba, daga Damagaram.