Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Hasumiyar Split Rock

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe, barka da zuwa gaɓar Tafkin Superior a jihar Minnesota ta Amurka. Mu ma'aikatan wannan hasumiya mai fitilar yi wa jiragen ruwa jagora muna yi maka lale marhabin, kai da 'yan rakiyarka.

Guguwa ce ta jawo ginin nan. A watan Nuwamba na 1905 iska ta lalata jiragen ruwa 29 a tafkin. Ga kuma wata matsala: ƙarfen da ke cikin duwatsun yankin yakan karkatar da allurar kamfas, wato na'urar nuna alƙibla, sai direban jirgi ya ɗauka yana tsakiyar ruwa alhali ya kusa dutse. A 1907 Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala 75,000, aka kunna fitila ranar 31 ga Yuli, 1910.

Ranka ya daɗe, ka leƙa ƙasa. Tsayin dutsen da muke kai ya kai ƙafa 130, kuma a lokacin babu hanyar mota. Bulo, siminti, ƙarfe, duk ta ruwa suka zo, injin ɗaga kaya mai aiki da tururi ya ɗago su daga jirgi. In igiyar ruwa ta tashi, aiki ya tsaya ke nan. Sai a 1924 titi ya iso. A ganinmu wannan wahala ta fi ginin kansa cancantar yabo.

Hasumiyar mai kusurwa takwas ce, tsayinta ƙafa 54, ƙarfe a ciki, bulo a waje. Gilashin tattara hasken a Faris aka ƙera shi, kuma bisa zaiba yake shawagi, shi ya sa yake juyawa ba gargada duk da nauyinsa. A wancan zamani, wasu ƙarafa masu nauyi da ke saukowa a hankali ta tsakiyar ginin su ke juya shi, mai tsaro kuma ya riƙa naɗo su sama duk bayan awa biyu. In ya makara, walƙiyar da ake jira duk daƙiƙa 10 ta rikice, ga shi da ita matuƙa jirgi ke gane wace hasumiya ce. Da kananzir aka fara kafin lantarki ya zo a 1940.

An daina amfani da ita a 1969, amma duk 10 ga Nuwamba ana kunna ta don tunawa da mutum 29 na jirgin Edmund Fitzgerald da ya nutse a 1975.

Bismillah, mu hau. Matakalar ƙunci gare ta, a riƙe ƙarfen gefe.