Lacca: PostgreSQL, MySQL ko SQLite, wanne ya dace da aikinka?

Assalamu alaikum. Jama'a, rumbunan bayanai uku za mu duba yau. Dukkansu kyauta ne, lambobinsu a buɗe suke, kuma suna ajiye bayanai a teburori masu alaƙa da juna. Kafin ka tambayi wanne ya fi sauri, tambayi kanka: mutum nawa ne za su riƙa rubutu a ciki lokaci guda, kuma wa zai kula da shi?

Mu fara da ƙaramin cikinsu, SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000. Ba ya buƙatar sabar, wato manhaja ta daban da za ta riƙa gudanar da shi, rumbun gaba ɗaya fayil ɗaya ne. Yana cikin wayar da ke aljihunka, ko Android ce ko iPhone. Matsalarsa ɗaya ce babba: masu karatu za su iya yawa, amma mai rubutu ɗaya kawai yake karɓa a lokaci guda, sauran su jira.

MySQL kuwa ya fito daga Suwidin a 1995. Sauƙin kafawa ne ya yaɗa shi, ga kuma WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da ke tafiya a kansa. Sai dai a da yana da sakaci. Tsohon injinsa, MyISAM, ba ya iya haɗa ayyuka su zama dunƙule ɗaya. Misali, ka cire kuɗi daga asusu ɗaya, wuta ta ɗauke kafin ka zuba a ɗayan, shi ke nan lissafi ya ɓaci. Wani injin, InnoDB, ya magance wannan, ya zama wanda MySQL ke amfani da shi kai tsaye tun sigar 5.5. Har ila yau, kafin sigar 8.0.16 ta 2019, za ka rubuta ƙa'idar CHECK, wadda ke tantance bayanai kafin a ajiye su, ya karɓa, amma ba zai aiwatar da ita ba. Ga maganar mallaka kuma: kamfanin Sun ya saye shi a 2008, kamfanin Oracle ya sayi Sun a 2010. Tsoron abin da zai biyo baya ne ya sa Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri MySQL, ya ɓalle ya kafa reshensa mai suna MariaDB a 2009. Kada ku ɗauka har yanzu abu ɗaya ne, sun yi nisa da juna.

To, PostgreSQL. Ni dai shi nake fara miƙa wa hannu, ba na ɓoyewa. Tushensa aikin Michael Stonebraker ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun 1986, kuma babu kamfani ɗaya da ya mallake shi. Yana da tsauri, ka ba shi kwanan watan da babu shi, zai ƙi karɓa. Yana riƙe JSON, wani tsarin rubuta bayanai, da kyau tun da aka kawo nau'in ajiyarsa na JSONB a 2014, ga PostGIS ga masu aikin taswira.

Amma fa yana son kulawa. Idan ka gyara layi a teburi, ba ya share tsohon nan take, sabo yake rubutawa ya bar wancan, sai aikin da ake kira VACUUM ya zo ya yi shara. Idan sharar ba ta tafiya daidai, teburi ya kumbura, aiki ya yi nauyi. Sannan duk wanda ya haɗu da shi, aiki na daban yake buɗe masa a kwamfuta, don haka idan masu shiga suka kai dubbai, sai ka sa manhajar PgBouncer a gabansa ta riƙa raba musu hanyoyin shiga.