Lacca: Guraben Fom da Ke Ɓullowa Daga Baya, da Makafi Masu Amfani da Manhajar Karanta Allo

Assalamu alaikum. Jama'a, abubuwa huɗu na zo da su game da fom ɗin intanet wanda wasu gurabensa ba sa fitowa sai an amsa wata tambaya. Misali, a tambaye ka ta inda za a tuntuɓe ka, waya ko imel, ka zaɓi waya, sai gurbin rubuta lamba ya ɓullo. Mai gani yana ganinsa nan take. Makaho kuwa, ko da manhajar karanta allo ta NVDA ko JAWS yake aiki a kwamfuta, ko TalkBack a wayar Android, ko VoiceOver a iPhone, manhajarsa tana karanta masa shafin ne abu ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta ba shi labarin abin da ya sauya a wani wuri sai an tsara mata hakan.

Na farko, kuma shi ne na fi damuwa da shi, shi ne wurin da aka ajiye sabon gurbin a cikin kod ɗin shafin. Manhajar nan kamar ɗan jagora take, abin da ke gaba take faɗa, ba ta waiwaye. Idan gurbin yana biye da tambayar da ta fito da shi kai tsaye, to da mutum ya danna maɓallin Tab zai faɗa cikinsa, ya ji sunansa, ya cika. Idan kuwa an saka shi a saman tambayar, ya riga ya wuce wurin, kuma ba shi da dalilin komawa, sai ya kai ƙarshe, ya danna aikawa, a ce masa akwai gurbin da bai cika ba, alhali bai taɓa jin labarinsa ba. Masu tsara shafuka da ke zaune a baya, na ga kuna murmushi, na san hujjarku: a allo ai gurbin yana ƙarƙashin tambayar. To, CSS ne, wato kod ɗin da ke tsara kamannin shafi, ya kai shi wurin, ita kuwa manhajar jerin kod take bi. Zan maimaita, jerin kod take bi. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu naƙasa amfani da intanet, waɗanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin yanar gizo ta W3C ta fitar, tun bugun 2008, sun yi magana kan wannan a sharaɗi na 1.3.2 da na 2.4.3, kuma har yau muna ta fama.

Na biyu, kada a ɗauke mutum a jefa shi cikin sabon gurbin ba da izininsa ba. A zaɓin da ake kira rediyo, wato wanda amsa ɗaya kawai ake iya zaɓa daga jeri, maɓallan kibiya da ake sauka da su su ne kuma suke zaɓa, saboda haka idan an janye shi da zarar ya taɓa "waya", ba zai ma ji cewa akwai "imel" ba. Sharaɗi na 3.2.2 ke nan.

Na uku, batun ɓoyewa. Kafin lokacin fitowarsa, a ɓoye gurbin da umarnin kod na hidden ko display:none domin ya ɓuya ga kowa, kada a tura shi gefen allo kawai, don a can manhajar za ta ci gaba da karanta shi. Na huɗu, idan za a sanar da canjin ta aria-live, wato alamar kod da ke sa manhajar ta karanta sabon saƙo da zarar ya bayyana, wajibi ne wurin sanarwar ya kasance cikin shafin tun kafin a zuba saƙon.

Na'am, Malama, ina jin ki. Tana tambaya ko aria-expanded, wato alamar da ke gaya wa manhajar ko abu a buɗe yake ko a rufe, ba zai wadatar ba. A kan maɓalli na yau da kullum yana aiki sosai, amma ƙa'idar ARIA, wadda ke tsara irin waɗannan alamomin, ba ta amince da shi a kan zaɓin rediyo ba. Masu tsara shafukan gwamnatin Birtaniya na GOV.UK sun yi karo da wannan, har suka bayyana cewa ba koyaushe ake sanar da mai amfani an fito da sabuwar tambaya ba. Shawararsu ita ce abin da za a fito da shi ya zama mai sauƙi, idan kuma yana da sarƙaƙiya, a kai shi shafi na gaba. Ni ma a kan haka nake, Malama. An ɗaga mini hannu cewa lokaci ya ƙure, sai mu haɗu bayan sallah a ci gaba da tambayoyi.